Tsinken gwajin maleriya: yaushe yake faɗin gaskiya, yaushe yake kuskure

Duk wanda ya taɓa zama a bencin asibitin sha-ka-tafi cikin watan Agusta ko Satumba ya san wannan gardamar. An soki yatsan yaro, an ɗiga jini a ɗan farin tsinken nan, an jira, layi ɗaya ne ya fito, ma'aikaciyar lafiya ta ce Hajiya babu maleriya a jikinsa, uwa ta ce haba malama ki taɓa jikinsa ki ji mana, jiya kwana muka yi ba mu runtsa ba. Daga nan abu biyu ne, ko dai a rubuta mata maganin don a rabu lafiya, ko kuma ta fita ta tsaya kemis ta saya da kuɗinta, tana tafe tana cewa wannan abin nasu ba ya aiki. Kuma ba iyaye kaɗai ba, akwai ma'aikatan lafiya da yawa da su ma a ransu ba su yarda da tsinken ba, suna yi ne kawai don an ce a yi kuma akwai rajistar da za a cika.

Ni dai a ganina tsinken nan ya fi yadda muke ɗaukarsa inganci nesa ba kusa ba, amma yana da wuraren da yake kuskure, kuma wuraren sanannu ne, an yi bincike a kansu. Abin da ke ba ni takaici shi ne inda muke zarginsa ba nan ne yawanci yake kuskuren ba, inda kuma ya kamata mu yi taka-tsantsan nan ne muke karɓar sakamakon ido rufe.

Da farko sai an gane me tsinken yake nema a cikin jini, don ba ƙwayar cutar kanta yake gani ba. Mai duba jini a madubin lab shi ne yake ganin ƙwayar da idonsa a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Shi tsinke wani sinadari yake kamawa wanda ƙwayar cutar ke fitarwa. Mafi yawan waɗanda ake rabawa a Najeriya da Nijar suna neman wanda ake kira HRP2, kuma nau'in maleriya guda ne kawai yake fitar da shi, wato falsifarum, wanda dama shi ne yake kawo kusan duk maleriyar da muke fama da ita a nan, shi ne kuma mai kisa. Akwai wasu tsinkayen da ke neman wani sinadarin daban mai suna pLDH, akwai kuma masu haɗa biyun. Idan aka ɗiga jini aka bi shi da ruwan nan na ƙaramar kwalba, sai ya bi takardar ciki yana tafiya, idan sinadarin yana nan sai ya maƙale a wurin da aka rubuta T layi ya fito, shi kuma layin C aikinsa kawai ya nuna cewa ruwan ya bi hanya yadda ya kamata. In C bai fito ba gwajin ya lalace, ko da T ya fito, sai a sake da sabo.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina ba da maganin maleriya don kawai an ga zazzaɓi, a gwada tukunna, ko da madubi ko da tsinke. Kafin nan, tun 2008, ita da wasu cibiyoyi suka fara tara tsinkayen kamfanoni daban-daban suna gwada su da jinin da aka san adadin ƙwayoyin da ke ciki, suna ma ajiye su a zafin digiri 35 da 45 na tsawon wata biyu a ga ko za su jure. Ƙa'idar da suka sa ita ce tsinke ya kama aƙalla kashi 75 cikin ɗari na samfuran da ke da ƙwaya 200 kacal a mikrolita ɗaya na jini (wato kashi ɗaya cikin miliyan na lita), kada ya nuna akwai alhali babu fiye da kashi 10, kada kuma waɗanda ke lalacewa su kai kashi 5. A zagayen farko kamfanoni da yawa sun faɗi, wannan ne ma ya tilasta musu gyara kayansu, shi ya sa tsinken yanzu ba ɗaya yake da na shekaru ashirin baya ba, wanda wasu tsofaffin ma'aikata suka fara gani suka yanke masa hukunci.

A 2011 masu binciken Cochrane, wata ƙungiya mai tattarawa da tace sakamakon binciken lafiya, sun tattara bincike 74 da aka yi a ƙasashen da ke da maleriya, aka kwatanta tsinke da madubi. Masu neman HRP2 sun kama kusan 95 cikin kowane mutum 100 da ke da cutar, kuma cikin 100 da ba su da ita sun wanke kusan 95. Masu neman pLDH sun ɗan gaza wajen kamawa, wajen 93, amma sun fi wajen wankewa, sama da 98. To wannan lambobin in ka ji su haka kawai ba za su ce maka komai ba sai an sauko da su ƙasa, bari in yi misali da lissafi na kaina. A ce yara 1,000 masu zazzaɓi sun zo asibiti a tsakiyar damina, a ce 600 daga ciki da gaske maleriya ce. Tsinke zai kama 570, ya tsallake 30. Sauran 400 ɗin zai wanke 380, ya ɗora wa 20 cutar da ba su da ita. Yanzu a dawo watan Afrilu, zafi, sauro ya yi ƙasa, a ce cikin 1,000 ɗin 100 ne kawai ke da ita. Zai kama 95 ya tsallake 5, cikin 900 marasa ita zai wanke 855 ya yi kuskure a kan 45. Kaga a rani idan ya ce babu, cikin mutum 860 da ya faɗa wa haka 5 ne kawai ya yi wa kuskure, amma idan ya ce akwai, kusan ɗaya cikin uku ba haka ba ne. Tsinke ɗaya ne, ingancinsa bai canza ba, lokacin ne ya canza nauyin maganarsa. Mu kuma a rani da damina duk abu ɗaya muke yi, in ya ce akwai mu ce alhamdulillahi an gano, in ya ce babu mu ce ƙarya yake.

Maganar layi biyu, wato tsinke ya ce akwai, ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta. Shi HRP2 ba ya fita daga jini da wuri. Mutum zai sha magani ya warke sarai, ƙwayoyin duk sun mutu, amma sinadarin yana nan yana yawo sati biyu, uku, wani har ya wuce wata, kamar toka ce da ke nan a murhu bayan wuta ta daɗe da mutuwa. Saboda haka yaron da ya yi maleriya farkon wata aka ba shi magani ya warke, idan ƙarshen wata ciwon huhu ya kama shi aka gwada, layi biyu zai iya fitowa ɓaro-ɓaro, a sake ba shi maganin maleriya a sallame shi, alhali abin da ke cinsa yana ƙirji. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a amfani da irin wannan tsinken don a duba ko magani ya yi aiki, kuma sau da yawa abin da mutane ke kira maleriya mai naci, wai an sha magani har sau uku gwaji bai daina nunawa ba, ba naci ba ne, ragowar sinadarin ne. Shi pLDH ya fi saurin ɓacewa, cikin 'yan kwanaki bayan ƙwayoyin sun mutu, shi ya sa ya fi wajen wankewa.

Za ka ga wannan a binciken maleriya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2021. Yara 'yan wata 6 zuwa 59 aka gwada a gidajensu, ba marasa lafiya ba, yaran gida kawai. Da madubi kashi 22 cikin ɗari aka samu da ƙwayar, da tsinke kuma kusan kashi 40. Wannan tazarar babba ce, kuma babban abin da ke kawo ta shi ne yaran da suka yi cutar kwanan baya suka warke. A jihar Kebbi ma da madubin kansa kashi 49 ne, wato kusan rabin yaran da ke wasa a tsakar gida suna ɗauke da ƙwayar ba tare da sun kwanta ba. To ka yi tunani, a wuri irin wannan duk yaron da sanƙarau ko ƙyanda ko ciwon kunne ya kama, akwai yiwuwar gwajinsa ya nuna maleriya, kuma gwajin bai yi ƙarya ba, ƙwayar tana nan, a ba shi maganinta daidai ne, sai dai ba lallai ita ce ta kwantar da shi ba. Layi biyu ba ya ɗauke wa ma'aikaci nauyin ƙirga numfashin yaro da duba wuyansa da leƙa kunnensa da maƙogwaronsa.

Sai ɓangaren da mutane suka fi tsoro, a ce babu alhali akwai. Yana faruwa, ba zan ce ba ya faruwa ba. Hanya ta farko ita ce ƙwayoyin su yi kaɗan, don tsinke yana fara rauni ne idan suka gaza 100 zuwa 200 a mikrolita. Amma mu duba me wannan adadin yake nufi, babban mutum yana da jini wajen lita 5, wato mikrolita miliyan 5, kaga 200 a kowanne ya kai ƙwaya biliyan ɗaya a jiki. Yaron da maleriya ta kwantar a yankinmu yawanci dubbai ne a mikrolita, wani dubun dubata, ya wuce inda tsinke zai tsallake shi. Waɗanda tsinke ya fi tsallakewa su ne manya da suka saba da cutar jikinsu ya danne ta, suna yawo da 'yan ƙwayoyi kaɗan ba sa jin komai. Wannan matsala ce babba ga masu son kawar da maleriya gaba ɗaya daga ƙasa, don sauro zai ɗauka daga jikinsu ya kai wa wani, a nan ne ake buƙatar gwajin PCR, na babban lab mai neman ƙwayar halittar cutar, da ke kama ko da ƙasa da ƙwaya 5 a mikrolita, amma ga mai zazzaɓi da ke gaban likita ba ita ce babbar damuwa ba. Inda za a kula shi ne wanda aka gwada a ranar farko da zazzaɓi ya fara, ko wanda ya riga ya sha rabin magani a gida kafin ya zo, da kuma baƙon da bai taɓa zama ƙasar maleriya ba, shi 'yan kaɗan ma sun isa su kwantar da shi. Akwai kuma wani abu da ba kasafai ba, ƙwayoyin su yi mugun yawa har sinadarin ya cika tsinken ya hana layi fitowa da kyau, shi ya sa mai alamun maleriya mai tsanani ba a tsayawa kan tsinke kaɗai.

Hanya ta biyu ita ce wadda ta fi tayar wa masana hankali. A 2010 aka ba da rahoto daga yankin Amazon na ƙasar Peru cewa an samu falsifarum da ba ta fitar da HRP2 kwata-kwata, ta rasa ƙwayar halittar da ke yin sa, wajen kashi 40 na samfuran da aka duba. Mutum yana fama da cutar, madubi yana ganin ƙwayoyin cike da jini, tsinke ya ce babu. Da farko an ɗauka matsalar Kudancin Amurka ce, sai ga shi a Eritiriya ma'aikatan lafiya sun yi ta kai ƙorafi cewa tsinke yana wanke mutanen da madubi ke kamawa, da aka bincika a 2016 a asibitoci biyu, a Ginda kusan kashi 81 na masu cutar irin wannan ƙwayar ce, a Massawa kusan kashi 42. Dole ƙasar ta bar tsinken HRP2 ta koma wani. An samu irin haka a Habasha da Jibuti ma. Kuma abin yana da dalili, idan gwaji ba ya ganin ƙwaya ba za a ba da magani ba, ita ce za ta rayu ta yaɗu, waɗanda ake gani a kashe su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka, idan irin waɗannan suka sa tsinke yana tsallake kashi 5 cikin ɗari na masu cutar, ƙasa ta canza nau'in gwaji. A Afirka ta Yamma an samu rahotanninsu nan da can, har da Mali da Senegal da Gana da Najeriya, amma inda abin ya yi ƙamari shi ne ƙahon Afirka, wato yankin su Eritiriya da Habasha da Jibuti. 'Yan uwanmu da ke gabashin Sudan, wajen Kasala da Gadarif da ke kan iyaka da Eritiriya da Habasha, su abin ya fi kusa da su, ga shi kuma can akwai wani nau'in maleriya mai suna bibaks wanda tsinken HRP2 zalla dama ba ya ganinsa. Wannan aikin gwamnati ne da masu bincike su riƙa bibiya, ba hujja ba ce ga mai kemis a Funtuwa ya ce ya daina yarda da gwaji.

Gaskiya ma yawancin kuskuren da ake samu a wajenmu daga hannu yake. Ka tsaya ka kalli yadda ake yi a wasu wuraren. Kwalin yana kan kanta ƙarƙashin rufin kwano tun watan Maris, a garin da zafi ke wuce digiri 40, alhali a jikin kwalin an rubuta iyakar zafin da zai ɗauka, wasu 30 wasu 40. An yage ledar tun safe an jera don a yi sauri, danshi ya shiga. Jinin da ake so mikrolita 5 ne, ɗan mitsitsi, akwai ɗan abin ɗiba a cikin kwalin, amma sai a matse yatsa kai tsaye a kan ramin jini ya yi yawa, takardar ta rine ja, layi mai haske ya ɓuya. Ruwan kwalbar ya ƙare sai a ɗauko na wani kamfani, ko na gwajin wata cutar, ko ma ruwan allura, kuma an gwada an gani hakan yana fito da layin ƙarya. Sai lokaci, kamfani ya ce minti 15 ko 20, layi ya yi tsawo mutane na jira sai a duba a minti biyar a jefar, ko kuma a manta da shi sai bayan awa ɗaya a dawo a ga wani dishi-dishin layi a ce akwai. Shi kuma layin da ya fito cikin lokacinsa, komai rashin ƙarfinsa, akwai ne, amma a ɗaki mai duhu da yamma ba wuta, ga ma'aikaci ya manta tabarau, ina zai gan shi. Duk waɗannan ba sa buƙatar sabuwar fasaha, agogo ne da haske da inuwa da kuma wanda zai zo lokaci-lokaci ya duba yadda ake aiki.

Wani zai ce to ai gara a tafi lab a yi na madubi. Idan lab ɗin na kirki ne, ƙwararre ne a kai, ruwan da ake rina jinin da shi sabo ne, gilashin a wanke, akwai wuta, kuma zai zauna ya duba wurare aƙalla 100 a kan gilashin kafin ya ce babu, to wallahi madubi ya fi, don zai faɗi nau'in ƙwayar da yawanta, zai kuma nuna ko magani yana aiki. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, lab nawa ne a unguwanninmu ka taɓa ganin sun ba mutum takarda an rubuta ba a ga komai ba? Kusan kowa da alamar tarawa ɗaya yake fitowa, a haɗa masa da taifod daga gwajin Widal wanda shi ma ba abin dogaro ba ne, a rubuta allurai da ƙarin ruwa. Dattin rini ma yana kama da ƙwaya a idon wanda bai ƙware ba ko yake sauri. Idan tsinke ya ce babu, irin wannan lab ɗin ya ce akwai, mutane lab suke gaskatawa saboda ya fi tsada kuma ya faɗi abin da suke tsammani, ni kuwa a irin wannan zan fi karkata ga tsinken.

Abin da ya sa nake ɗaukar maganar da zafi shi ne rai ake rasawa ta wannan hanyar. A Tanzaniya an bi mutum sama da 4,400 da aka kwantar a asibitoci 10 ana musu maganin maleriya mai tsanani, rahoton ya fito a 2004, ƙasa da rabinsu ne aka ga ƙwayar a jininsu, kuma waɗanda ba su da ita sun fi mutuwa, kashi 12 a kan kashi 7, don ana ta yi musu maganin abin da ba shi ke damunsu ba. Wani binciken a ƙasar dai da ya fito a 2014 ya duba yara 1,005 masu zazzaɓi, wajen kashi 10 ne kawai maleriya, fiye da rabi ciwon hanyar numfashi ne. Najeriya ba Tanzaniya ba ce, mu ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriyar duniya, a damina a arewa yawancin zazzaɓin yara zai iya zama ita ɗin ce. Amma muna cikin yankin sanƙarau, muna da zazzaɓin Lassa, muna da ciwon huhu da ke kashe yara ba adadi, kuma dukkansu da zafin jiki suke farawa. Kwana ukun da za a ɓata ana shan maganin maleriya su ne kwanakin da mai sanƙarau ba shi da su.

Saboda haka idan an gwada an ce babu, tambayar da za a yi wa ma'aikaci ita ce to malam mene ne, a duba shi da kyau. Idan zazzaɓi bai sauka ba bayan kwana ɗaya ko biyu a koma a sake gwaji, da madubi in akwai na kirki. Idan kuwa yaro yana jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko duk abin da ya ci sai ya amayar, ko ya sume, tafin hannunsa ya yi fari, numfashi sama-sama, to wannan ba a jiran layi ɗaya ko biyu, babban asibiti za a nufa, su fara allurar atesunet, maganin maleriya mai tsanani, su haɗa da maganin ƙwayoyin cuta suna ci gaba da bincike.

Sai dai in za a yi adalci, ma'aikacin ƙauye ma yana cikin tsaka mai wuya. An ba shi tsinken maleriya, ba a ba shi na komai ba, in ya ce babu ba shi da abin da zai gano mene ne, ga uwa a tsaye tana jiran magani ta biya kuɗin mashin daga nesa. Wani nazari da ya haɗa marasa lafiya sama da 500,000 a Afirka da Afganistan, wanda ya fito a 2017, ya nuna kashi 69 na waɗanda gwajinsu ya ce babu an rubuta musu antibayotik, alhali yawancin zazzaɓin yara na ƙwayar bairos ne da ke tafiya da kansa. Wato an rage shan maganin maleriya ba dalili, an ƙara shan wani ba dalili. Abin da wannan ma'aikacin yake buƙata shi ne horo kan sauran cututtukan zazzaɓi, da abin ƙirga numfashi, da abin auna iskar jini a yatsa, da motar da za ta kai yaro gaba idan abin ya fi ƙarfinsa, kuma a yawancin ƙananan asibitocinmu har yanzu ba a kai masa su ba.